Mosfet na tashi da azahar a watan Afrilu: a ƙara fanka, a yi lissafi, ko a tambayi kwamfuta?

Mai Inbata, Kano:
Assalamu alaikum masu sana'a. Shawara nake nema. Na haɗa inbata mai wat 1000 a kan batir ɗin bol 12, taransifoma mai ƙafar tsakiya, mosfet (taransistocin da ke buɗe wa wutar batir hanya suna rufewa) masu lamba IRF3205 uku-uku a kowane ɓangare. Tun Disamba take aiki a shagon wani mai sayar da ruwa da lemo, firiza ɗaya, fanka biyu da ƙwayayen wuta. Duk lokacin sanyi ko tari ba ta yi ba. Afrilu na shigowa mosfet ɗin ɓangare guda suka tashi, wato suka ƙone, gaba ɗaya bayan azahar. Na canza, ba a jima ba suka sake tashi, kuma dai da azahar. Ba a ƙara mata kaya ba. Me ke jawo haka?

Baba Mai Rediyo, Gusau:
Wa alaikumus salam. Ɗana, zafi ne, ba wani abu ba. Tun zamanin amfilifaya mai 2N3055 haka muke fama da bazara. Cire wannan ƙaramar fankar ka sa babba, ka huda wa akwatin ƙofofi ta ƙasa da ta sama. Wane irin hitsink, wato ƙarfen da ke ɗebe musu zafi, ka ɗaura su a kai?

Mai Inbata, Kano:
Baba, guntun alminiyam ne irin na taga, na yanka tsawon tafin hannu, ɗaya a kowane ɓangare. Akwai maika, siririn fallen da ke hana wuta wucewa, a tsakani, da farin man da ke taimaka wa zafi ya wuce.

Ɗalibin Lantarki:
Oga, da ka zana akwatin a kwamfuta tun farko da ba ka yi wannan asarar ba. Akwai manhajojin kwaikwayon zafi, Ansys Icepak da Simcenter Flotherm da COMSOL. Za ka zana allon da akwatin da fankar, ka faɗa wa manhajar wat nawa kowane abu ke fitarwa, ta fito maka da hoto mai launi, ja inda zafi ya taru, shuɗi inda iska ke ratsawa. Ansys ma suna da ta ɗalibai kyauta, sai dai an taƙaita girman aikin da za ta ɗauka. Kamfanonin duniya ba sa yanka ƙarfe sai sun ga wannan hoton. Mu ne kawai muke haɗawa mu jira hayaƙi ya ba mu labari.

Baba Mai Rediyo, Gusau:
Kwamfutar ta taɓa shiga shagon kwano a Gusau da ƙarfe biyu na rana?

Injiniya, Zariya:
Baba, tambayar nan taku ita ce kan maganar. Amma kafin a kai ga kwamfuta, a ba ni dama in yi lissafin a nan kowa ya gani, don takarda da biro sun isa su nuna abin da ya kashe mosfet ɗin nan.

Inbata mai ba da wat 1000, in ingancinta kashi 90 ne cikin ɗari, tana jan kamar wat 1110 daga batir. A bol 12 wannan ya kai amfiya 93. Mosfet uku ke raba ta, kowanne amfiya 31, rabin lokaci yana aiki rabin lokaci yana hutawa. Takardar kamfani ta IRF3205 ta ce turjiyarsa, wato yadda yake tare wuta, in ya buɗe miliyom 8 ce, wato om 0.008. To 31 sau 31 sau 0.008 ya ba da wat 7.7, a raba biyu, wat 3.8 kowanne. Mutum ya ga wannan sai ya ce ai ba komai. Amma miliyom 8 ɗin a digiri 25 aka auna ta. A cikin takardar akwai zanen da ke nuna turjiyar tana hawa tare da zafi: a digiri 100 ta ƙaru da kamar rabi, kafin a kai 175 ta ninka. Don haka a ɗauka wat 6 kowanne, wat 18 a kan kowane hitsink.

Yanzu hanyar da zafin zai bi ya fita. Daga ƙwayar silikon da ke cikin mosfet zuwa bayansa, takarda ta ce digiri 0.75 a kan kowane wat. Maika da mai, a ba su kamar 1.5. Guntun alminiyam na taga mai tsawon tafin hannu, ba zan ba shi abin da ya fi digiri 4 a kan wat kyau ba, sai in iska na dukansa sosai. Wat 18 sau 4, digiri 72 ke nan sama da iskar da ke kewaye da shi. Wat 6 sau 2.25, ƙarin digiri 13 zuwa 14.

A Disamba, iskar cikin akwatin ba za ta wuce 40 ba, kuma asarar ma ba ta kai wat 6 ba, ƙwayar tana zaune wajen 110. Lafiya lau. A Afrilu in cikin akwatin ya kai 65, sai ka tara 65 da 72 da 14, ka samu 151. A wannan zafin turjiyar ta ƙara hawa, asarar ta ƙaru, zafin ya sake hawa. Iyakar da kamfani ya yanka 175 ce. Sai firiza ta tashi, kwamfiresa ya ja ninkin-ba-ninkin abin da ya saba ja na ɗan daƙiƙa, asarar kuwa tana tafiya ne da amfiya sau amfiya. Nan take mosfet ɗin ke ƙonewa.

Malam Mai Inbata, don Allah ka auna mana abu biyu da azahar: iskar shagon, da iskar cikin akwatin bayan ta yi awa ɗaya tana aiki a rufe.

Mai Sola, Maraɗi:
Hajiya Injiniya, Allah shi ƙara sani. Nan wajenmu ko inbatar kamfani haka take. Mutane na karanta lambar da aka rubuta a jikin kwali, ba su duba cewa da yawa a digiri 25 aka ba da wannan lambar, in aka kai 40 ƙarfin ya sauka. Mu kuwa a Maraɗi da Yamai 42, 43 a inuwa ba labari ba ne cikin Afrilu da Mayu. Fanel ma haka: kowane digiri ɗaya sama da 25 yana cin kusan kashi 0.4 cikin ɗari na ƙarfinsa, ga shi a rana yana kai 65 ko 70. Batir mai ruwa kuwa, duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 yana raba kwanansa biyu. Kayan an yi musu awo a ɗaki mai sanyi, mu muna kafa su ƙarƙashin kwano.

Ɗalibin Lantarki:
Anti Injiniya, na yarda da lissafin. Amma digiri 4 a kan wat ɗin nan da kika ba hitsink, ai ƙiyasi ne. In 2.5 ne fa? Duk amsar ta canza. A nan ne kwamfuta ta fi biro, ita za ta lissafa shi daga siffar ƙarfen da gudun iska.

Injiniya, Zariya:
Gaskiyarka, ƙiyasi ne. Amma ana auna shi cikin awa ɗaya ba tare da kwamfuta ba. Ka ɗaura rezisto mai jikin ƙarfe a kan hitsink ɗin, ka ba shi wat 10 daidai, ka jira zafin ya daina hawa, ka auna. In ya hau digiri 40 sama da iskar ɗaki, 4 ne. In 25 ya hau, 2.5 ne. Wannan lambar ta gaske ce, da fentin ƙarfen da ƙurarsa da komai. Manhaja kuma sai ka faɗa mata wane irin alminiyam ne, fuskarsa mai ƙyalli ce ko mai duhu, fankar nawa take turawa in iska ta sami cikas. In ba ka san waɗannan ba, can ma ƙiyasin za ka yi, sai dai ya fito da launi mai kyau.

Baƙon Jamus:
Sallama ga kowa. Aikin da nake ci da shi ke nan a nan, kullum ina gaban Flotherm, don haka bari in sa baki. Ƙanina ɗalibi yana da gaskiya cewa manyan kamfanoni ba sa yin akwati sai an kwaikwayi zafinsa. Manhajar nan tun ƙarshen shekarun 1980 wani kamfanin Ingila mai suna Flomerics ya fito da ita, Mentor Graphics suka saye shi a 2008, Siemens kuma suka sayi Mentor a 2017. Ba sabon abu ba ne. Amma yadda ake aiki da ita ba yadda ɗalibai ke zato ba ne.

Abin da manhajar ke yi shi ne ta yanyanka cikin akwatin zuwa ƙananan ɗakuna, dubu ɗari-ɗari ko miliyoyi, a kowane ɗaki ta lissafa zafin da ya shigo da wanda ya fita da inda iska ta nufa. Dokar tafiyar zafi cikin ƙarfe da take amfani da ita ta Fourier ce, tun 1822. Lissafin ba ya ƙarya. Inda ake faɗuwa shi ne abin da aka ba ta. Mu a wurin aiki, kafin in buɗe manhajar sai na yi irin lissafin da Hajiya ta yi a sama. In kwamfuta ta ba ni 90 alhali biro ya ce 150, ba na murna, neman inda na shigar da lamba ba daidai ba nake yi. Bayan an ƙera na gwaji kuma sai a manna wayoyin auna zafi a wurare da dama, a sa shi a ɗakin gwaji mai zafi, a kwatanta. Sai sun yi kusa da juna sannan ake yarda da hoton.

Abin da biro ba zai taɓa nuna maka ba shi ne inda iska ke bi. Na sha ganin akwati mai fanka babba, amma iskar tana shiga ta ƙofa ta fice ta ƙofar da ke kusa, ba ta ko leƙa hitsink ba. Ko a ajiye kafasita a bayan taransifoma, duk iskar da ta ɗebo zafin taransifoma a kansa take sauka. Wannan kam kwaikwayo na nuna shi tun ba a sayi ƙarfe ba.

Baba Mai Rediyo, Gusau:
To ai wannan da turaren tsinke nake ganinsa. In rufe akwatin da gilas ko leda mai kauri, in kunna turare a bakin ƙofar iska, in bi hayaƙin da ido.

Baƙon Jamus:
Baba, wallahi mu ma da hayaƙi muke tabbatarwa a ɗakin gwaji. Bambancin kawai, ku sai akwatin ya samu kuke gani. In za a buga guda dubu hamsin, kuma ƙarfen da za a zuba robar a ciki kuɗinsa ya kai na gida, dole a gani tun kafin. Mai haɗa guda biyar a wata, turarenku ya fi masa sauri.

Mai Inbata, Kano:
Na auna kamar yadda Hajiya ta ce. Iskar shagon 44 da ƙarfe biyu da rabi. Cikin akwatin 63. Amma hitsink ɗin da na haska masa bindigar auna zafi, irin wadda aka yi yayi lokacin korona amma ta masu aiki, 58 ta nuna. Ke nan bai kai yadda aka lissafa ba?

Injiniya, Zariya:
Kada ka yarda da 58 ɗin nan. Ta yaya ƙarfen da ke fitar da zafi zai fi iskar da ke kewaye da shi sanyi? Bindigar tana karanta hasken zafin da abu ke fitarwa ne, kuma an saita yawancinsu a kan 0.95, wato abu mai duhu mara ƙyalli. Alminiyam mai ƙyalli abin da yake fitarwa bai wuce 0.05 zuwa 0.1 ba, sauran duk zafin bango da rufi yake maido mata kamar madubi. Manna baƙin tef na masu wayarin a kan ƙarfen kusa da mosfet, ka bar shi ya ɗau zafi, ka haska a kan tef ɗin. Ko ka yi amfani da wayar auna zafi da ke zuwa da wasu mitoci.

Wannan ƙyallin ma yana cikin matsalar. Hitsink na kamfani da kuke gani baƙi, ba ado ba ne, fuskarsa tana fitar da sama da 0.8. Inda babu iska mai ƙarfi, wannan na rage zafi sosai.

Mai Inbata, Kano:
Na sa tef. Minti goma da kunnawa 88. Na bar ta, bayan awa ɗaya 124, sai na kashe.

Ɗalibin Lantarki:
Daga 88 zuwa 124? Na ɗauka cikin minti goma komai ya daidaita.

Baƙon Jamus:
A nan ne mafi yawan masu haɗawa ke ruɗuwa, su gwada minti goma a kan tebur, akwati a buɗe, su ce ta yi. Ƙarfe yana shan zafi kafin ya cika. Kilo ɗaya na alminiyam yana shan jul 900 kafin ya hau digiri ɗaya. In hitsink ɗin giram 300 ne, jul 270 ke nan. Sau 4 ɗin da Hajiya ta ƙiyasta, daƙiƙa 1080, minti 18. A wannan lokacin kashi 63 cikin ɗari kawai na hawansa ya yi. Sai ka ninka shi uku zuwa biyar kafin ya tsaya, wato awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Taransifoma mai kilo takwas ko goma kuwa ya fi haka jinkiri nesa ba kusa ba, yana ta ɗumama akwatin har la'asar.

Ƙanina, in kana son kwaikwayo na gaske wanda laftof ɗinka za ta ɗauka, sauke LTspice, kyauta ce daga Analog Devices. Ka mai da wat ya zama amfiya, digiri ya zama bol, digiri a kan wat ya zama om, jul a kan digiri ya zama farad. Zafin shago ka sa shi a matsayin batir mai bol 44. Rezisto huɗu da kafasita biyu sun isa su zana maka yadda zafin ƙwayar zai hau cikin awa biyu, har da tashin firiza. Daga nan in ka ƙware ka wuce OpenFOAM ko Elmer, su ma kyauta ne, amma suna son haƙuri.

Mai Gyaran Waya, Kaduna:
Ni abin da nake gani a teburina ba ƙonewa ba ne, tsagewar dalma ce. Abu ya yi zafi ya huce, ya yi zafi ya huce, silikon da allo ba sa buɗewa daidai da juna, dalmar da ke ƙarƙashin ic, wato ƙwaƙwalwar da aka manna a kan allo, ta gaji ta tsage. Kuma kada a ce ƙananan masu haɗawa kaɗai abin ke ci. Xbox 360, na'urar wasan bidiyo ta Microsoft, haka ta yi ta mutuwa tana nuna jan zoben wuta, har a Yulin 2007 kamfanin ya tsawaita garanti zuwa shekara uku, ya ware sama da dala biliyan ɗaya don gyara. Su da ke da duk manhajojin da ɗalibi ya lissafa.

Ɗalibin Lantarki:
Yaya, wannan ai hujjata ce. Da sun kwaikwayi hawa da saukar zafin yadda ya kamata da sun gani.

Mai Gyaran Waya, Kaduna:
Ko kuma hujjar Hajiya ce, cewa hoto ba ya maye gurbin gwaji mai tsawo. Kowa ya ɗauki tasa.

Mai Sola, Maraɗi:
Ni dai shawarata ga mai tambaya, ka bar bol 12 ga wat 1000. Koma 24. Amfiya ta rabu biyu, asarar cikin mosfet da wayoyi ta koma kashi ɗaya cikin huɗu. Maganin zafi na farko shi ne kada ka haife shi.

Baba Mai Rediyo, Gusau:
Malam na Maraɗi, a yi hattara. A irin haɗin nan mai ƙafar tsakiya, mosfet ɗin da ke hutawa yana ganin ninkin batir biyu. Batir ɗin 24 in yana caji yana kai 28.8, ninki biyu 57.6, IRF3205 kuwa 55 ne iyakarsa. Zai tashi tun zafi bai zo ba. In za a koma 24 sai an canza mosfet.

Injiniya, Zariya:
Baba ya faɗi gaskiya. IRFB4110 zai yi, bol 100 ne, turjiyarsa ba ta wuce miliyom 4.5 ba. Sai dai a auna abin da aka sayo. Akwai masu lamba ɗaya a jiki amma ƙwayar ciki ƙarama ce. Ka buɗe get ɗinsa, wato ƙafar da ke kunna shi, da bol 10, ka tura amfiya 5 ta cikinsa, ka auna milibol tsakanin sauran ƙafafun biyu. IRF3205 na gaske bai kamata ya wuce milibol 40 ba. In ka ga 100, turjiyarsa miliyom 20 ce, duk lissafin da na yi a sama sai ka ninka shi biyu da rabi.

Sannan akwai wanda ba a ambata ba, kafasita. Wanda aka rubuta wa 105 a jiki, galibi awa 2000 aka yi masa alkawari a wannan zafin, kuma duk saukar digiri 10 kwanansa na ninkawa. A 65 zai yi awa 32,000, shekara uku da rabi da ɗoriya in ba a kashewa. A 85 awa 8000 ne, bai cika shekara ba. In mai lamba 85 ka saya ka ajiye shi kusa da hitsink mai 124, ko mosfet sun tsira shi zai kumbura kafin damina ta ƙare. Matsar da shi bakin ƙofar da iska ke shigowa.

Mai Inbata, Kano:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Fankar fa, wace girma zan nema?

Baƙon Jamus:
Zafin wat 110 kake son fitarwa, wato bambancin 1110 da take ja da 1000 da take bayarwa. In kana son iskar da ke fita kada ta fi mai shiga da digiri 10, kana buƙatar kamar mita kubik 35 a awa, wato 20 a ma'aunin CFM da ake rubutawa a jikin fanka. Amma lambar jikin fanka ta sarari ce, inda babu abin da ya tare ta. Cikin akwati mai raga da wayoyi rabi za ka samu, don haka nemi mai 40 zuwa 50, irin mai milimita 120. Ƙofar fita kada ta gaza ta shiga faɗi. Ka sa kwali mai tauri ko roba ka tilasta wa iskar bin tsakanin haƙoran hitsink, haƙoran kuma su tsaya a tsaye.

Mai Sola, Maraɗi:
Baƙon Jamus, ka manta ƙura. Fanka mai ƙarfi a ƙasarmu shara take kwasowa. Bayan hunturu ɗaya haƙoran hitsink sun toshe, ƙurar ta zama bargo. Ni na fi son akwati a rufe ruf, hitsink babba a waje ta baya, ba fanka sam.

Injiniya, Zariya:
Ga caja kwantirola, na'urar da ke daidaita cajin batir daga sola, mai asarar wat 15 ko 20, ina tare da kai. Ga wannan kuwa ba zai yiwu ba. Akwati mai santimita 40 da 30 da 15, in ka cire gefen da ke jingine da bango, fatarsa ba ta fi 0.33 na murabba'in mita ba. Iska mara motsi tana ɗauke kamar wat 10 a kowane murabba'in mita a kan kowane digiri. Ko ka fitar da wat 36 na mosfet waje, saura wat 70 na taransifoma da wayoyi a ciki. Fatar akwatin kaɗai za ta hau digiri 21 sama da shago, iskar ciki kuma ta ɗara haka da kusan wani 20 ɗin. A shago mai 44 ka kai 85, kafasita ya shiga uku.

Baba Mai Rediyo, Gusau:
To a sa fankar, a sa mata soso a bakin ƙofa wanda ake zarewa ba sai an kwance noti ba. In sai da sukundireba, mai shago ba zai taɓa wankewa ba. Kuma ɗana, ka sa ɗan makunnin zafi mai digiri 85 a jikin hitsink ya riƙa kashe inbatar, don ranar da fanka za ta tsaya tana nan tafe.

Baƙon Jamus:
Sosai kuwa. Soson zai ci wani kaso na iskar, shi ya sa na ce 50. Ƙanina ɗalibi, ga aiki in kana so: karɓi awon akwatin daga Mai Inbata, ka gina shi a Icepak ɗinka da iskar waje 45, sau ɗaya soso a wanke, sau ɗaya an toshe rabin ƙofar. Shi kuma ya auna na gaske da tef ɗinsa bayan awa ɗaya da rabi. Ku kawo lambobin biyu nan mu duba tare.

Ɗalibin Lantarki:
Na karɓa, Yaya. Oga Mai Inbata, turo mini tsawo da faɗi da kaurin hitsink ɗin da za ka saya, yawan haƙoransa da tazarar da ke tsakaninsu, da lambar da ke bayan fankar. Nauyin taransifomar ma ina so.